Wanda Aka Tsayar a Bakin Fili

Bakina ya saba da tatsuniya, jikokina sun san haka, amma wannan ba ita ba ce. Babu dabbar da ta yi magana a cikinta, kuma wanda ya mutu a cikinta bai dawo ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gindin duwatsun Roni. Asalinmu masu shanu ne, amma tun zamanin kakanmu aka jingine sanda aka ɗauki fartanya, shanun da suka rage ba su wuce na tatsa ba. Mahaifinmu, Baffa muke ce masa, shi ne mai unguwa. Sarautar ƙarama ce, gidajen da ke ƙarƙashinsa ana iya zagaye su kafin tuwo ya huce, amma ya riƙe ta da hannu biyu. Ya san mazaunin kowa in an je gaban dagaci: wane kusa da shimfiɗa, wane a bayansa, wane can bakin zaure inda ake tuɓe takalma. Shi nasa wurin a tsakiya yake. Ranar da wani ya riga shi zama aka matsar da shi baya kaɗan, ranar ba ya cin tuwo, Inna sai ta kwashe ta ba kaji. Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da ya yarda cewa inda aka ajiye ka, nan ne darajarka, ba ƙari ba ragi.

Inna ta haihu da yawa, mu biyu muka tsaya, ni da ƙanena. Auta muke ce masa, shi kuma yana ce mini Adda.

Gonarmu doguwa ce, kanta a bayan gida, ƙafarta can a jikin dutse. In gero ya fara nuna sai a raba tsaro. Wanda ya samu kusa da gida ya huta, ga inuwa ga ruwan sha, tsuntsu kawai zai kora. Can ƙafar gonar kuwa ta nan birai ke saukowa, kuma biri ba ya ɗaukar zangarniya ɗaya ya tafi, sai ya karya goma ya zubar. Tun Auta bai kai riƙe garma ba can ake tura shi. Akwai wani faffaɗan dutse da yake hawa ya zauna da majajjawarsa da tarin tsakuwa. Daga baya ma ya daina amfani da majajjawar, da hannu yake jifa, kuma in ya saki dutse sai ka ji ƙarar biri. Ni ce mai kai masa fura. Ina tsoron hawa dutsen, saboda haka sai in tsaya a ƙasa in ƙulle furar a tsumma in cilla sama. Wani lokaci in cilla daidai, wani lokaci da gangan in karkace don in ga ƙarshensa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Sai ya miƙa hannu kamar mai tsinkar ɗanya, ya ce, "Adda, hannunki kamar na kuturu."

Da Turawa suka ce a kawo 'ya'yan masu sarauta makaranta, dagaci ya ɓoye nasa ya nuna na Baffa. Baffa ya bayar, don ba a musu da na sama, amma ya bayar da ƙaya a zuciya. Abin da ya ce wa Inna, ina jinsa daga madafa, shi ne, "Za su kai shi cikin 'ya'yan hakimai su mai da min shi bara." Aka fara da ƙaramar makaranta a Kazaure, daga nan aka wuce da shi babbar makaranta a birni, wadda ake kwana a cikinta. Duk hutun da ya zo, bayan gaisuwa, tambayar Baffa ba ta sauyawa. Ba ya tambayar karatu. Sai ya ce, "A ina kake zama in an zauna? Wa ke ɗaukar wa wani buta?" Auta ya yi murmushi ya ce kowa da bencinsa, kowa da butarsa, ɗan hakimi ma shara yake yi in ranarsa ta zo. Baffa ya ce to, amma to ɗin da ba ta sauka ciki ba.

Haka aka yi ta tafiya har ya zama saurayi, gemu ya fara tsiro masa. Ni a lokacin an yi mini aure a wata unguwa kusa da mu, ina kai nono kasuwar Kazaure. Shekara ɗaya ta rage masa ya gama, an ce in ya gama malamin gona za a ba shi, da keke. Inna har ta fara tunanin wadda za a nema masa. A lokacin ne kuma Turawa suke yaƙinsu, gishiri ya yi wuya, tufa ta yi wuya.

A wani hutu na je gida na tarar da shi a tsakar gida yana cilla ƙwallon goruba sama yana cafewa. Na ce, "Kai da girmanka?" Sai ya zauna a kan turmi ya ba ni labarin wani wasa da suke yi a makaranta. Kurket ya ce sunansa. Ana kafa turaku uku nan, uku can, a tsakiyar fili. Mutum ɗaya ya tsaya gaban turakun da wani katako mai faɗi kamar muciyar gidan biki, wani ya jefo masa ƙwallo, shi kuma ya doke ta. In ta yi nisa sai ya yi ta gudu tsakanin turakun, kowane zuwa ana ƙirga wa ɓangarensu. In ta fice daga fili gaba ɗaya an ƙirga musu da yawa ba sai ya yi gudu ba. Amma in wani ya cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, mai katakon ya fita, ko shi wane ne.

Na ce, "Kai wanne kake yi, dukan ko jifan?"

Ya ce, "Dukan ina taɓawa in layi ya zo kaina. Amma aikina na can baya ne, bakin fili."

Na ce, "Can me ake yi?"

"Tsayuwa," in ji shi. "Sai ki wuni ba abin da ya zo wajenki. Mutane duk idonsu na tsakiya. Amma na tsakiya, in mai katako gwani ne, ta kansu take wucewa suna kallo. In babu mai ƙafa da hannu a baya, ko jifan wa ake yi banza ne, wasa ya zube ta can. Kin tuna ƙafar gonarmu? To shi ne."

Na ce, "Ashe har birni birai suka bi ka." Muka yi dariya. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan an yanke gero, dawa tana tsaye, sai labari ya zo cewa ɗaliban makarantarsu za su haɗu da na wata makarantar daga yamma su yi wannan wasan, kuma a Kazaure za a yi, don nan ne tsakani, Baturen da ke kula da ƙasarmu kuma yana son wasan. Aka aiko masu unguwanni su zo su cika wuri. Baffa ya sa aka buga masa babbar rigarsa, ya naɗa rawani. Ya tafi da mutanen unguwa, cikinsu har da taubashinsa, ɗan gwaggonsa, wani dillalin shanu mai bakin da ba ya rufuwa. Ni kuma na ɗauki ƙwaryar nonona na bi su.

An share wani fili a bayan gari an zagaye shi da farar ƙasa. A gefe ɗaya an kafa rumfa, Turawa a kan kujeru a gaba, manya a kusa da su, sauran kowa a bayan wanda ya fi shi. Na hango Baffa ya samu wuri a bakin rumfar, rabinsa a inuwa rabinsa a rana. Mu masu talla aka kora mu can ɗaya ƙarshen, gindin wata tsamiya, inda shanu suke kwana in an kawo su kasuwa.

Ɗaliban suka fito cikin fararen kaya da jajayen huluna. Na gane Auta tun daga nesa, da tafiyarsa. Suka taru a tsakiya wajen turakun, daidai gaban rumfa, wani ya yi ta nuna wa kowa wurinsa. Wannan ya tsaya nan, wancan ya matsa kaɗan. Da aka zo kan Auta sai aka nuna masa can. Ya juya wa rumfa baya ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, shi kaɗai, a idon dukan mutane, har ya zo bakin farar ƙasar, kusa da tsamiyarmu. Ya gan ni ya ɗan ɗaga gira. Wata mai ƙosai kusa da ni ta ce, "Wannan me ya yi aka kore shi?" Na ce ba korarsa aka yi ba, aikinsa ke nan. Ta dube ni ta ce, "Allah sarki."

A nan na san abin da mai ƙosai ta gani shi Baffa yake gani daga can.

Aka daɗe ana yi. Rana ta take. Auta yana tsaye, duk sanda za a yi jifa sai ya ɗan sunkuya ya tako gaba, in ba ta zo ba ya koma. Jefi-jefi ƙwallon ta gangaro ta ƙasa, ja ce, mai tauri, sai ya bi ta da gudu ya tare kafin ta tsallake farar ƙasar, ya mayar da ita tsakiya da jifa ɗaya, ta faɗa hannun mai tsaron turaku kamar an ajiye masa. Ni na san hannun nan. Amma ga wanda ke zaune a rumfa, abin da ya gani shi ne wani ya doki abu ya yar, wani kuma ya ruga ya ɗauko masa.

Can sai wani dogon ɗalibi na ɗaya makarantar ya karɓi katako. An ce ɗan wani babban hakimi ne. Ya yi ta dukan ƙwallon nan ba ji ba gani, ta dama, ta hagu, na tsakiya suka rasa yadda za su yi da shi. Auta ya zo kusa da ni ɗauko wadda ta fice, yana haki, ya ce, "Adda, in wannan bai fita ba mun sha kashi." Ya koma wurinsa.

Ba a jima ba dogon ya sake mata duka. Ta tashi sama har na daina ganinta a cikin rana. Auta bai dubi kowa ba, ya juya ya zuba da gudu ta gefen tsamiya, fuskarsa a sama. Hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Ƙwallon tana saukowa gabansa, ta fi ƙarfin ƙafarsa, sai ya miƙe gaba ɗaya kamar mai faɗawa ruwa, ya zube rub da ciki, ya ja ƙasa da ƙirji har cikin busasshiyar kashin shanu. Ya ɗaga hannu ɗaya sama yana kwance. Tana ciki.

Turawa suka miƙe suna tafi. Ɗalibai suka rugo suna tafi, har wanda aka fitar ya buga hannu a katakonsa. Mu a wurinmu a lokacin namiji ba ya tafi. Tafi na 'yan mata ne a dandali. Da mutanen ƙauye suka ga manyan maza, har da Turawa, suna tafa hannu a kan wani da ke kwance cikin kashin shanu ba hula, sai suka ɗauka abin dariya ne aka yi, kuma an ba su izini. Fili ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ma ta rangaɗa guɗa. Na duba rumfa na ga rawanin Baffa ya sunkuya.

An ce makarantarsu Auta ce ta ci, kuma daga wannan cafewar ne wasan ya juya. Mu ba mu tsaya ganin ƙarshe ba. Baffa ya tashi, mutanensa suka bi shi, ni ma na ɗauki ƙwaryata na bi bayansu.

Tun ba mu fita gari ba taubashin ya fara.

"Ranka ya daɗe mai unguwa, ashe kare ka kai makaranta ba ka faɗa mana ba? Na yi yawo cikin mafarauta, ban ga mai ɗauko abu kamarsa ba."

Baffa ya yi yaƙe ya ce, "Kai dai ba ka gajiya."

"Ina zan gaji? Shekara da shekaru muna jira a dawo mana da malami, ashe an kai matsayin ɗauko wa 'ya'yan manya abin wasansu. Ka ga inda suka ajiye shi? Ko mai gyaran takalma an fi matso da shi. Ka ba ni shi ya riƙa tare min bijimai a kara, ni aƙalla zan bar shi da hularsa."

Wani daga baya ya ce, "Ai har Bature ya yi masa tafi."

Taubashin ya ce, "An yi tafi, an yi guɗa, lalle kawai ya rage."

Aka yi ta dariya har muka tsallake rafi. Shi taubashi ba a fushi da shi, haka aka gada. Duk abin da ya faɗa maka sai ka haɗiye ko ka rama da wasa, in ka ɓata rai kai ne abin kunya. Baffa bai iya ramawa ba, kuma ba shi da damar fushi a nan. Sai ya ɗauki fushin ya kai gida da shi.

Washegari da hantsi Auta ya iso, an ba su hutu, gwiwarsa ɗaure da tsumma, fuskarsa cike da fara'a. Abokansa sun ba shi ƙwallon. Na kwana a gida ranar, ina bayan zana ina jin zaure. Akwai mutane a ciki, dattawan unguwa, sun zo gaisuwar safe ba su tashi ba. Auta ya durƙusa ya gaida kowa, ya ajiye ƙwallon gaban Baffa.

Baffa ya ce, "Wannan ce ladan?"

Auta ya dubi ƙwallon, bai gane ba tukuna.

"Shekara nawa ina tambayarka inda kake zama, kana ce min kowa da bencinsa. Jiya na gani da idona. Sun tsaya a gaban manya, kai sun tura ka wajen masu talla. Ɗan wani ya doka, kai ka ɗauko. Ka yar da hularka a gaban hakimai, ka kwanta cikin kashi, suna yi maka tafi kamar amarya."

"Baffa, ba haka ba ne. Wurin nan ba kowa ake ba wa ba. Wanda aka fi yarda da hannunsa ake kaiwa can. Tafin kuma a wurinsu yabo ne."

"Yabo."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baffa. Kai ma a gona ai ni kake turawa ƙafar dutse, don ta can ɓarna take shigowa."

Na ji Baffa ya gyara zama. Ya ce, "Na tura ka can don kai yaro ne, ba ka isa zama cikin mutane ba. Da ina da bawa, shi zan tura." Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya rantse da Alƙur'ani cewa in Auta ya sake taka makarantar nan, ba shi ba shi, duniya da lahira.

Inna tana kusa da ni tana tankaɗe, ta ajiye rariyar a hankali ta shiga ɗaki.

Hutu ya ƙare Auta bai koma ba. Aka aiko, bai je ba. Sai wani malaminsu, Bahaushe, mutum mai natsuwa, ya zo da kansa a kan keke. Baffa ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka dama masa fura. Malamin ya yi bayani mai tsawo, ya ce a duk makarantar babu mai tsaron baya kamar Auta, ya ce wasa ma a ajiye shi gefe, yaron yana da kai, shekara ɗaya ta rage, kada a zubar da abin da aka tara. Baffa ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, ka gaya min tsakaninka da Allah. A makarantarku akwai ɗan hakimi?"

"Akwai."

"An taɓa tsayar da shi inda aka tsayar da nawa?"

Malamin mai gaskiya ne, Allah ya jiƙansa in ya mutu. Ya ce, "Ba a taɓa ba. Amma don ba shi da gudu ne, jikinsa ya yi nauyi, shi ya sa ake ajiye shi kusa."

Baffa ya ce, "To ka gani." Ya raka shi har bakin hanya.

Liman ma ya zo ya ce rantsuwa tana da kaffara, azumi ne ko ciyarwa, Allah bai ƙuntata ba. Baffa ya ce ba azumin ne ya gagare shi ba, mutane ne suka ji. Auta kuwa bai yi gardama ba. Da ya gudu ya koma, da makarantar ta riƙe shi, na faɗa masa haka a ɓoye. Ya ce, "Adda, in koma da bakin uba a kaina in karanta me?" Ya ninke fararen kayansa ya ba Inna, ya ɗauki lauje ya shiga girbin dawa. Aka ba wani gurbinsa.

Damina ba ta zagayo ba aka fara diban gwamna. Turawa suna son kuza saboda yaƙinsu, aka ce kowane gari ya ba da maza a kai su haƙa can ƙasar duwatsu ta kudu, inda sanyi yake kashe mutum. Ɗalibai ba a taɓa su. Mai unguwa shi ke nuna waɗanda za su tafi daga unguwarsa. Baffa ya tara mutane a ƙofar gida, ya nuna ɗan wane, ya nuna ƙanen wane. Sai wani tsoho, wanda aka nuna ɗansa tilo, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Mai unguwa, naka fa? Da can an ce yana makaranta. Yanzu ga shi nan a bayanka."

Taubashin yana wurin. Ranar bakinsa bai buɗe ba, ƙasa yake ta tonawa da tsinke.

Da Baffa ya so, da ya sami hanya, wasu masu unguwannin sun samu. Amma mutane suna kallonsa, kuma shi mutum ne da idon mutane ya fi masa wuta zafi. Bai waiwaya ba. Ya ce, "Da shi za a tafi."

Ranar tafiyar an tara su a Kazaure aka zuba su a bayan babbar mota. Na makara, don sai da na tsaya na kirɓa masa fura mai yawa wadda za ta kwana biyu ba ta lalace ba. Ina isowa motar ta riga ta tashi, dogarai suna korar mata daga hanya. Na hango shi a tsaye a can baya, ya riƙe katakon jikin motar. Na kira shi. Na ruga iya ƙarfina, da na ga ba zan kai ba sai na cilla ƙullin. Jifan bai yi kyau ba, ya karkace hagu, ya yi ƙasa. Ya saki katakon, ya leƙo rabin jikinsa waje har wani ya riƙe masa riga, ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauke ta. Ya ɗaga mini ita. Na ga bakinsa yana motsi, ƙarar mota ba ta bar ni na ji ba, amma na san abin da ya ce game da hannuna.

Ganina da shi ke nan.

Waɗanda suka dawo sun dawo a rame, wasu da tari. Ɗan tsohon nan yana cikinsu, shi ya zo ya durƙusa a zaure ya faɗa. Ya ce cikin ruwa suke wuni suna haƙa, su kwana a bukkar da ba ta tare iska, abinci ba ya isa. Ya ce tari ya kama Auta, ƙirji ya riƙe, bai daɗe ba. Su suka yi masa sutura, kuma sun yi masa salla. Baffa ya ce, "Allah ya saka muku da alheri." Ya karɓi gaisuwa kamar yadda ake karɓa, a zaune daidai, rawani a naɗe. Inna ba ta yi masa magana a kan abin ba, ko a ranar ko bayanta. Ta ci gaba da kai masa tuwo tana ɗauke kwano. Ni dai ban sake jin sun yi hira ba har ta rasu.

Da gero ya nuna a shekarar, babu wanda za a tura ƙafar gona. Birai suka sauko suka yi yadda suka so. Baffa yana iya neman yaron maƙwabta, ba wanda zai hana shi. Sai kawai wata safiya aka ga ya fita da buta da buzu, ya bi ta cikin gero har dutse, ya hau da ƙyar ya zauna. Mai unguwa guda, da furfurarsa, a wurin tsaron birai. Mutane suka yi ta magana. Dagaci ya aiko a tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya. Kullum can yake wuni har aka yi girbi, haka kuma shekarar da ta biyo.

Wata rana na zo gida Inna ta ba ni furarsa in kai. Na tsaya a gindin dutsen inda na saba tsayawa, ƙullin a hannuna. Na ga ba wanda zan cilla wa. Na tattare zane na hau, da rarrafe, karo na farko a rayuwata. Daga sama ana ganin gonar duka har rufin gidanmu, da duk wata kafa da biri zai bi. Ban taɓa sanin haka wurin yake ba.

Na gaishe shi na dama masa. Ya sha kaɗan ya ajiye. Can ya ce, idonsa na kan gero, "Ke kina kusa da shi ranar nan."

Na ce, "Ina kusa, Baffa."

"Tafin nan da suka yi."

Na ce, "Yabo ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Malamin ma haka ya ce." Sannan ya ce, "Da ya faɗi, ya ji ciwo?"

Na ce gwiwarsa ce ta goge, ba wani abu ba.

Ya ce, "To."

Wani babban biri ya leƙo daga tsagin dutse, ya dube mu, ya fara saukowa a hankali. Baffa ya lalubi tsakuwa a gefensa, ya miƙe tsaye, ya jefa. Ta faɗi a rabin hanya. Birin ko juyowa bai yi ba, ya shige cikin gero. Baffa ya sunkuya ya ɗauki wata.